Harsuna huɗu a lokaci guda: himma ce ko haɗama?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun. Na gama bautar ƙasa bara, yanzu ina zaman shagon kawuna a Kantin Kwari. Akwai wani dattijo a layinmu da ya sa min wani abu a rai. Ranar nan a kan idona ya yi ciniki da wata mata daga Kamaru da Faransanci, tana tashi wani mutumin Cadi ya zauna suka juya Larabci, suna cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka ya kama Sinanci da mai aiko masa kaya. Duk wannan bai kai rabin awa ba. Wallahi tun ranar abin yake cina. Na sauke manhajoji a waya na fara Faransanci da Turkanci da Sinanci, ga kuma Larabcin da na baro tun Islamiyya ina so in farfaɗo da shi. Yau wata biyar ke nan. Na iya gaisuwa da ƙirga a dukkansu, amma babu ko ɗaya da zan iya hirar minti biyar da shi. Kawu ya ce taura biyu ba ta taunuwa balle huɗu. Ni kuma duk wanda na yi niyyar ajiyewa sai in ji kamar an cire min wani abu. Waɗanda suka riga ni bin wannan hanya, yaya kuka yi? A haɗa su ko a bi su ɗaya bayan ɗaya?

Malamar_Faransanci:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarata 14 ina koyar da Faransanci a sakandare, kuma kawunka ya fi ka gaskiya. Bari in yi maka lissafi. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci, wajen awa 1,100 a Turkanci, Larabci da Sinanci kuwa awa 2,200 kowannensu. Wannan fa ga wanda aka ɗauke wa komai ne, karatun shi ne aikinsa. Kai idan awa guda kake samu bayan an tashi kasuwa, ka raba ta huɗu, kowane harshe minti 15 ya samu. A shekara awa 91 ke nan. A haka Faransanci kaɗai zai ci maka fiye da shekara shida, kuma kafin ka kai tsakiya ka manta farko. Ka ɗauki ɗaya ka kai shi inda za ka iya yin faɗa da shi, ka kuma iya ba da haƙuri da shi, sannan ka waiwayi na biyu.

Sadauki_01:
Ni ban ga laifinsa ba Malama. Ba komai ne ake aunawa da riba ba. Wani yana kwashe awa uku kullum a gidan kallon ƙwallo ba wanda ya ce masa haɗama. Yaro ya zaɓi harsuna su zama abin shaƙatawarsa, a bar shi ya ji daɗinsu.

Alhajin_Guangzhou:
Ɗana, tunda Sinanci na cikin lissafinka bari in sa baki. Tun 2011 nake zuwa Guangzhou sarin kaya. Shekaru uku na farko da tafinta nake yawo, duk abin da ya ce min shi ne, don ba ni da hanyar tantancewa. Da na fara tsintar lambobi a bakin masu kaya sai na gane wani lokaci kuɗin da aka faɗa daban, wanda ya iso kunnena daban. Ban yi rigima da kowa ba, na dai ƙudurta sai na koya.

Abin da zan gaya maka, Bahaushe yana da wata dama da Bature ba shi da ita. Sinanci harshe ne na karin sauti, iri huɗu, mu ma kuwa da karin sauti muka tashi ba mu lura ba. Ka faɗi wuya na jiki ka faɗi wuya ta wahala, ko kukan yaro da kukar miya, ai muryarka ce take rarrabewa. To haka kalmar "mai" take a wurinsu: ka sauke murya ka ɗago ta, saye ke nan, ka saro ta ƙasa da ƙarfi, sayarwa ke nan. Kunnenmu yana kama wannan da wuri. Inda gizo ke saƙar shi ne rubutu. Sai ka haddace alamomi dubu biyu zuwa uku kafin ka karanta jarida, ni har yau ban wuce sunayen kaya da adireshi ba. Sannan mutanen Guangzhou idan za su yi tasu maganar a gabanka sai su koma Kantonis, shi kuma wani harshe ne daban.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni abin da ke ba ni mamaki da ƴan'uwanmu na Najeriya, kun tsallake maƙwabta kuna hangen Turkiyya da Sin. Ku duba taswira mana. Nijar, Binin, Cadi, Kamaru, duk waɗanda suka kewaye ku da Faransanci suke aikin ofis. Daga Katsina zuwa Maraɗi ba ta kai kilomita 100 ba. Mu nan yaro ya tashi da Hausa, ya shiga lakwal, mushe, wato malamin makaranta, ya ɗora shi kan Faransanci, ya tai Yamai biɗar aiki Zabarmanci ya kama shi dole. Ba mai kiran wannan gwaninta. Ko a kasuwa kanmu aiki biyu yake: a ce maka "cent francs" kai ka ce dala ashirin. A 2025 hukuma ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, yanzu samarinmu da yawa Ingilishi suka sa gaba. Ɗan_Fagge, in Faransanci kake so ga mu nan, ba ka bukatar biza.

Malamar_Faransanci:
Ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, Ɗan_Maraɗi. Tun 1996 Janar Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, kuma tun 1991 akwai ƙauyen koyon Faransanci a Badagry, can muka yi zaman gogewa muna jami'a. Amma a takarda abin ya tsaya. Yaro zai yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana rera "bonjour monsieur", ya ajiye, shi ke nan. Ni kaina sai da na yi wata biyu a Damagaram wurin dangin mijina sannan bakina ya sake.

Almajirin_Malam:
Ka ci gaba ɗan'uwa, addini ma ya kwaɗaitar. Ai hadisi ya zo cewa wanda ya koyi harshen mutane ya tsira daga makircinsu.

Ustaz_Zariya:
Almajirin_Malam, Allah ya saka da kyakkyawar niyya, amma wannan magana ba hadisi ba ce. Ta shahara a bakin mutane, malaman hadisi kuwa sun ce ba ta da asali daga Annabi (SAW), don haka kada mu jingina masa. Abin da ya tabbata ya ma fi ta ƙarfi. Annabi (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa rubuta masa wasiƙu yana karanta masa nasu, Zaidu ya ce rabin wata bai wuce ba sai da ya iya. Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito. Sannan a Suratur Rum, aya ta 22, Allah ya lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu a cikin ayoyinsa. Ka lura kuma, Zaidu abu ɗaya aka sa shi, don wata bukata sananniya.

Almajirin_Malam:
Na gode Allah gafarta Malam, na karɓi gyara. Tun ina yaro nake jin ta a wa'azi shi ya sa.

Yar_Biu:
Ina ta karantawa tun ɗazu, akwai abin da ya tsaya min a rai. Ni Babur ce. Da Bura na buɗe baki, Hausa na tsince ta a unguwa, Turanci a makaranta, Kanuri a Maiduguri inda na yi shekara tara, Fulatanci kuma a wurin uwar mijina, don ba ta jin daɗin hira da wani yare sai shi. Biyar ke nan, kuma a kowannensu zan iya zaman makoki in yi gaisuwa yadda ta dace, in yi ciniki, in yi wa yaro faɗa. Ban taɓa jin wani ya ce min sannu da ƙoƙari ba. Amma yaron maƙwabtanmu da ya iya jimla goma ta Turkanci, duk unguwa an san shi.

Ba ina rage wa Ɗan_Fagge himma ba ne. Tambayata ita ce, me ya sa sai harshen da ke da jirgin sama a bayansa muke kira harshe, namu kuma "yare"? Najeriya tana da harsuna fiye da 500. Kuma ku yi haƙuri 'yan'uwana Hausawa, ku ne kuka fi kowa ƙyuya a nan. Bahaushe zai yi shekara talatin a garinmu, ya auri 'yarmu, ya haifi 'ya'ya, bai iya ko "ina kwana" da Bura ba. Mu kuwa idan muka karkace harafi ɗaya a Hausa sai a ce muna gwaranci.

Bakano_Na_Asali:
Hajiya maganarki akwai gaskiya amma kin yi mana kuɗin goro. Je ki Agege ko Sabon Ibadan ki ji yadda 'ya'yan Hausawa ke zuba Yarabanci, ba za ki raba su da 'yan gari ba. Bahaushe ba ƙyuya gare shi ba, bukata ce ba ta kama shi ba. A Biu duk wanda ya tara da Hausa zai amsa masa, to me zai tura shi?

Yar_Biu:
Girmamawa ce za ta tura shi, Malam. Uwar mijina tana jin Hausa sarai. Na koyi Fulatanci ne don ranar da na fara gaishe ta da shi na ga yadda fuskarta ta canza.

Zango_Kumasi:
Ina bayan Bakano a rabi, ina bayan Yar_Biu a rabi. Mu a zango ba ka da zaɓi. Hausa a gida da masallaci, Tuwi a kasuwa da mota, Turanci a makaranta, in ka koma unguwar Nima a Ankara, babban birnin Gana, ka ƙara da harshen Ga. Kakanninmu fataken goro haka suka yi, da ɗan gari akan ci gari. Amma akwai kuɗin da muka biya. Hausarmu ta sauya, da yawanmu "ya zo" muke cewa ko mace ce, in muka je Kano a yi ta kallonmu. Mai harsuna da yawa ba lallai kowanne ya zauna masa daram ba, wani yana cin wani.

Tsohon_Ɗalibin_Khartum:
Bari in dawo da mu kan tambayar yaron nan, ta ɓangaren Larabci. Ɗan_Fagge, ka ce kana so ka farfaɗo da na Islamiyya, kuma ka ji dattijo yana Larabci da mutumin Cadi. Ka sani waɗannan abubuwa biyu ne. Na tafi Sudan karatu da nahawuna da sarfuna, ina ganin na gama. Ranar farko a tasha na yi wa mai mota magana da fusha, wato Larabcin littafi, ya fahimce ni, amma da ya ba ni amsa ban tsinci komai ba. "Ina so" a littafi "uridu" ne, a Sudan "dayir", a Masar "ayiz", a Saudiyya "abga". "Mene ne" a littafi "maza", a Khartum "shinu". Na Cadi da na Shuwa su ma da tasu hanyar, sun fi kusa da na Sudan. Sai da na yi wajen wata shida ina zama wurin masu shayi kafin kunnena ya buɗe. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya dawo da mu gida, har yau ina kewar hirar nan.

Saboda haka ka tambayi kanka: Larabcin karanta tafsiri kake so ko na ciniki da 'yan Cadi? In na biyu ne, malamanka suna nan cikin Kwari suna shiga shagonku kullum.

Uwar_Biyu:
Ni ba makaranta ba manhaja na koyi Indiyanci, a gaban talabijin na koya. Tun muna yara muke kallon finafinan Indiya tun kafin a fara fassara su, har na wayi gari ina gane magana ba tare da na duba rubutun ƙasa ba. Da na raka yayata asibiti a Delhi ni na riƙa yi mata magana da nas-nas da masu shara, kuma yadda suka riƙe mu ya bambanta da na sauran. Abin da ya sauƙaƙa min, kalmomi da yawa namu ne: duniya, zamana, khabar, jawab, niyat, dua, sabun. Amma ban iya karanta ko harafi ɗaya nasu ba. To ni a lissafin Malamar_Faransanci na iya ko ban iya ba?

Malamar_Faransanci:
Kin iya mana 'yar'uwa, kuma kin ƙarfafa maganata ne. Ki ƙirga awannin da kika yi kina sauraro tun ƙuruciya, za su haura dubu. Harshe ɗaya kika zuba wa su.

Ɗalibi_a_Konya:
Maganar Anti Uwar_Biyu ta tuna min satina na farko a nan. Tallafin karatun gwamnatin Turkiyya yana haɗawa da shekara guda ta koyon harshe kafin ka shiga darasinka. Malama ta rubuta dünya, haber, kalem, zaman, sabun, akıl a allo, 'yan ajinmu na Kudancin Amurka suna ta wahala, ni kuwa ina ganin duniya, labari, alƙalami, zamani, sabulu, hankali. Ko "merhaba" ai marabarmu ce. Duk daga Larabci muka ɗebo, mu da su. Rubutunsu ma ba wuya, tun 1928 suka koma haruffan boko. Wahalar tana wurin ginin jimla. Aikatau a ƙarshe yake zuwa, sai ka jira mutum ya kai aya kafin ka san me ya faru. Kuma liƙa ɗafi suke yi a bayan kalma: ev gida, evler gidaje, evlerimiz gidajenmu, evlerimizde a gidajenmu. Ba su da "shi" da "ita", duka "o" ne.

Shawarata ga Yaya Ɗan_Fagge, in har ba za ka iya ajiye su duka ba, ka riƙe Larabci da kyau, don shi ne mabuɗin Turkanci da Farisanci da Urdu da Sawahili ta fuskar kalmomi. Kwana bakwai na mako da ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in ai ka riga ka iya su tun a gida.

Mai_Tarihi:
Abin da Yar_Biu ta faɗa ya sa ni tunani. Wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma tana jin harshen Buzaye. Abin lura shi ne yadda ta raba musu aiki: Larabci ga malamai, Fulatanci ga mutanen gida, Hausa ga matan karkara da 'yan taru ke kai wa karatu. Kowane harshe da mutanen da take nufi da shi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma ga Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim. Ya zo da Larabcinsa, ya koyi Hausa da Kanuri da Fulatanci a hanya. Yaron da ya yi masa hidima, Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, ya bi shi har Ingila a 1855, ya koyi Turanci, ya zauna da wani mai nazarin Hausa ana rubuta Hausa daga bakinsa, ya dawo ya yi aikin tafinta, ya rasu a Kano a 1912. Yau kuma ana koyar da Hausa a jami'o'i a Beijing da Hamburg da Warsaw. BBC ta buɗe sashen Hausa tun 1957. Wasu suna can suna wahala a kan namu kamar yadda muke wahala a kan nasu.

Injiniyan_Waya:
Ni fa ina ganin duk wannan wahalar ta kusa zama tarihi. Yanzu ka yi magana a waya ta fassara nan take, ka ɗora kyamara a kan takarda ta karanta maka. Google Translate ma yana da Hausa. Shekara biyar da za ka kashe a Sinanci ka kashe ta a koyon sana'a mana.

Alhajin_Guangzhou:
Injiniya, ina amfani da ita kullum, musamman wurin rubutu, ba na raina ta. Amma waya tana fassara abin da aka ga dama a faɗa mata ne. Abin da mai kaya ya juya ya ce wa yaronsa a hankali, wa zai sa maka a waya? Kuma akwai masana'antar da muka shekara muna ciniki a tsaye, ranar da na tambayi lafiyar mahaifiyar mai wurin da bakina aka shigar da ni ciki aka zuba min shayi. Tun daga nan yake ba ni kaya bashi. Zuwa da kai ya fi aike.

Nas_Kaduna:
Ƙari a kan na Alhaji, waya ba ta zana maka jarrabawa. Ni Jamusanci nake koyo yau shekara biyu saboda aikin jinya, kuma akasarin jihohin Jamus matakin B2 suke nema kafin su amince da takardunka. Ga wanda bai sani ba, matakan shida ne, daga A1 zuwa C2. Hausa jinsi biyu gare ta, su uku gare su, der da die da das, kuma dole ka haddace kowace kalma da nata, har "yarinya" ma ba a jinsin mace take ba. Da na haɗa shi da wani harshen da tuni na zube. Ɗan_Fagge, gaisuwa da ƙirga da ka ce ka iya ko A1 ba su cika ba, kada ka ji haushina. Daɗin farkon harshe yana da yaudara, don a wata na farko kullum kana ganin ci gaba. Daga A2 zuwa B1 ne ake sanin mai so na gaskiya, lokacin da za ka yi wata uku kana ji kamar ba ka motsa ba. Da yawa a nan suke gudu su fara sabon harshe don su sake jin daɗin farkon.

Ɗan_Fagge:
Anti Nas, wallahi kamar kin leƙa zuciyata. Faransanci na fara, da ya yi tauri na ƙara Turkanci.

Maman_Abuja:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ina karanta ku hawaye na neman zubo min. 'Ya'yana uku, makarantarsu ana koya musu Faransanci, da yamma suna Islamiyya, amma in na yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Da sallah muka je Gusau, mahaifiyata ta jawo ƙaramar tana mata wasa, yarinya ta juyo tana tambayata me take cewa. Mu muka jawo, mun ɗauka gata muke musu. Duk mai neman harsunan waje ya dubi na gidansa tukuna.

Baba_Mai_Ritaya:
'Yata, ba a makara ba. Ki kafa doka a gida, daga ƙofa zuwa ciki Hausa, ke da maigidan ku fara kiyayewa. Kuma ki riƙa tura su hutu wurin kakarsu ba tare da ke ba. Yaro yana ɗaukar harshe uku ba ya gajiya muddin kowanne yana da mutumin da ake yin sa da shi.

Ni kuma shekarata 63, bayan na ajiye aiki na fara Faransanci, don 'yata tana aure a Garwa kuma jikokina da shi da Fulatanci suke tashi. Gemu ba ya hana ilimi, sai dai yana rage sauri. Abin da na haddace da safe sai na maimaita da la'asar. Lambobinsu ne suka fi ba ni aiki, 97 sai ka ce ashirin huɗu da goma da bakwai. Kullum bayan asuba ina sauraron labarai a RFI da Hausa, sannan in saurari na Faransanci, tunda na riga na san abin da ya faru sai in riƙa tsintar kalmomin. Wannan dabarar ta yi min amfani ƙwarai, wanda yake so ya gwada.

Sadauki_01:
Har yanzu ina kan bakana. Kowa a nan yana cewa bukata, bukata. Alhaji kasuwa, Nas aiki, Baba jikoki. To wanda kawai sautin harshen ne yake masa daɗi fa? Ni ina koyon Sifaniyanci, ba ni da kowa a can, ba na sa ran zuwa. Ranar da na fara gane abin da mai sharhin ƙwallo yake faɗa ba tare da fassara ba, farin cikin da na yi ba na iya kwatanta shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu fitowa a YouTube su ce suna jin harshe ashirin, alhali jimlolin gabatar da kai ne suke maimaitawa a kowanne. Su ne suke sa irin su Ɗan_Fagge ganin kamar sun gaza.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci za a amsa haka ba. Yau bayan azahar na yi ƙarfin hali na je na gaishe da dattijon, na gaya masa abin da ke raina. Ya ce min Larabcin ba koya ya yi ba, mahaifiyarsa Shuwa ce, da shi aka yi masa reno. Faransanci ya same shi ne a shekara goma sha ɗaya da ya yi yana kai kaya Kamaru. Sinanci kuwa ya haura hamsin kafin ya fara, kuma ya ce na ciniki ne kawai, in aka koma hirar siyasa ko ta iyali shiru yake yi, ba ya karanta ko kalma. Wato abin da na gani a rabin awa, tarin shekara fiye da talatin ne. Ya ce in ina so, duk ranar da baƙinsa na Kamaru suka zo in zo in zauna kusa in yi shiru in saurara.

Na yanke zan ba Faransanci awata ta dare gaba ɗaya. Sinanci na ajiye shi sai ranar da kawu ya fara tura ni. Larabci zan koma wurin malaminmu na unguwa ranar Asabar da Lahadi. Turkancin ne na kasa saki, zan riƙa taɓa shi ko minti goma ne. Yar_Biu kuma, maganarki ta shige ni. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, tana gidanmu, ban taɓa tunanin in ce ta koya min ba.

Malamar_Faransanci:
Uku ke nan fa ƙanena, ga na kaka na huɗu yana leƙowa. Ni dai da ka bar Turkancin nan zuwa baɗi.

Ɗalibi_a_Konya:
A bar masa minti gomansa Malama, ba za su hana Faransanci zama ba.

Yar_Biu:
Na kaka ba ya cikin lissafin awa, Malama, a tsakar gida ake yin sa ana tsintar shinkafa. Ɗan_Fagge, gobe da safe in ka shiga gaishe ta ka ce "jam waali", ka dawo ka ba mu labarin abin da ta ce.

Ɗan_Maraɗi:
Ni ma tayina na nan. Duk Juma'a bayan la'asar ina da sarari, mu yi rabin awa Faransanci, rabin awa kai ka gyara min Ingilishina. Akwai wasu da ke so su shiga? In mun kai biyar sai mu sa lokaci guda.

Baba_Mai_Ritaya:
A rubuta da ni, amma a riƙa magana a hankali saboda kunnena.